Tsohon Had-disk da Gingimarin Baba

Kwamfutar da ta zauna a zaurenmu na Jega ba sayenta na yi ba, haɗa ta na yi, guntu-guntu, yadda ake haɗa kayan miya ranar da aljihu ya yi sanyi. Lokacin na gama karatu a Aliero, aiki bai samu ba, na buɗe ɗan shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Ciwona ɗaya ne a duniya, gem ɗin ƙwallo. Akwatin na same shi wajen wani mai buga takardu da ya gaji da shi, allon yana da wani siririn layi kore daga sama har ƙasa, katin hoto kuwa ɗan kwatano ne, shi ya cinye kusan duk abin da na tara. Da na zo kan ma'ajiya, wato inda gem ɗin zai zauna, sai na tarar saura ƙiris.

Mai sayar da kayan kwamfuta abokina ne, mutum mai surutun tsiya. Ya ɗora mini abu biyu a kan kanta. Ɗaya had-disk, mai nauyi kamar sandar sabulun wanki, a cikinsa akwai faifai da ke juyawa da wata 'yar allura da ke bin sa tana karantawa. Yana cin kaya da yawa, ga araha, sai dai nawa gare shi, ba ya sauri. Ɗayan es-es-di, shafal da shi, babu abin da ke motsi a ciki, yana buɗe gem kafin ka gyara zama, amma wanda kuɗina zai iya saya ɗan mitsitsi ne. Ya yi ta yi mini wa'azi a kan es-es-di har miyau na tsalle. Na ce ya riƙe wa'azinsa, ya naɗe mini mai faifan. Ai wanda bai da aikin gwamnati yana da lokacin jira.

To, ana cikin haka Baba ya yi haɗari.

Baba direban gingimari ne tun kafin a haife ni. Albasa yake ɗauka daga Aliero ya kai Kudu, ya dawo da manja ko goro. In ya dawo, gidan kan ɗauki warin albasa da baƙin mai, kuma mu a wurinmu wannan shi ne ƙamshin Baba ya iso lafiya. Mutum ne mai murya, in yana magana a zaure har maƙwabta sun san ra'ayinsa. Ranar da abin ya faru, ya ɗan wuce Maiyama ke nan tayar gaba ta fashe, motar ta kwanta a gefen hanya. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma ƙafarsa ta hagu ta karye ƙasan gwiwa. Aka kai shi wurin wani dattijo mai ɗori a Aliero, ya yi aikinsa tsaf. Bayan watanni ya kwance karan, ya latsa nan, ya latsa can, ya ce ƙashi ya kama, Baba ya fara takawa.

Baba ya ƙi. Kafin nan labari ya iso cewa mai motar ya ɗauki wani direban, kuma daga ranar Baba ya juya fuska bango. Abokansa na tasha su zo gaisuwa, ya yi kamar barci yake. Sallah a zaune, wanka ni ke goya shi in kai shi in dawo da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga tayar gingimari, ga shi a bayana kamar buhun ƙaiƙayi. Mai ɗorin ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya: ƙafar da ba a takawa tsotsewa take yi, in aka ɗau lokaci a haka, ko ya so daga baya ba za ta ɗauke shi ba. Inna, mahaifiyata, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a madafa inda take zaton ba mai ji. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, kullum in na goya shi sai in saci kallon ƙafar in ga ta ƙara sirancewa.

A cikin wannan hali wani ɗalibi da zai bar Aliero ya bar mini sitiyarin gem da fedarsa biyu, totur da birki, a madadin gyaran da na yi masa, ya kuma zuba mini wani gem na tuƙa manyan motoci. Ban damu da shi ba, na dai ɗaura sitiyarin a teburin zaure don in ga ko yana aiki. Rannan bayan la'asar Inna ta ce in fitar da Baba zaure za ta shanya katifarsa. Na goyo shi yana ta mita, na ajiye shi a kujera ɗaya tilo da ke wurin, wadda ke gaban kwamfutar. A allon kuwa ga cikin kan mota, ga agogunan gaba, ga madubai, ga titi a miƙe.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wanga abu, tahiya shikai?"

Na tura masa fedar ƙarƙashin ƙafarsa ta dama. Ya kama sitiyarin da hannu biyu, ya ɗan murza shi hagu da dama yadda yake yi in zai gwada sabuwar mota, ya taɓe baki ya ce ya yi laushi. Sannan ya taka. Wallahi ranar har aka kira magariba Inna na tsaye da katifa a hannu, ba wanda ya iya ce masa ya tashi. Ya zagi wanda ya tsara motar da babu kuloci, ya zagi direbobin ƙananan motocin da ke cikin gem ɗin, ya tambayi dalilin da ya sa ƙasar nan tasu babu rami ko ɗaya a titi, babu kuma mai tsare ka ya tambayi takardu. Muryarsa ta dawo, har maƙwabcinmu ya leƙo.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kullum bayan la'asar in rufe shago in zo in goya shi zuwa zaure. A nan ne nawar had-disk ta bayyana sosai, don gem ɗin motar ƙato ne. In na danna maɓalli sai faifan ya fara wani gurnani daga ƙasa, ya hau, sannan allurar ta kama ƙas-ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin rumbu. Kafin kwamfutar ta farka, gem ya buɗe, hanya ta fito, mutum zai iya shan shayi ya wanke kofi. Ni abin ƙona mini rai yake yi, har nakan buga teburin. Baba ya hana ni.

"Kai, bar ta! Mota sai ta yi zahi. Wane direban kirki ka tada mota shi hizge ta nan take?"

Na ce, "Baba, ba inji ba ne, faifai ne."

Ya ce, "Ko mi na ne, ina jin shi."

Yakan ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ya karkata kai yana saurare, yadda direbobi ke yi da asuba a tasha kafin a tashi. Wata rana ya ce yau muryarta ta washe, wata rana ya ce akwai abin da ke damunta, in duba mata mai. Sannan ya gyara hula, ya karanta addu'ar tafiya cikakkiya, ya shafa. Ni kuma dole in zauna a benci in jira, saboda in gem ɗin ya buɗe akwai rubuce-rubucen Turanci da sai na danna masa kafin ya samu hanya. A cikin jiran nan yake ba ni labari. Yadda ake jera buhunan albasa a bar musu hanyar iska don kada su dafe kafin a kai. Matar da ke sayar da tuwo a wani gari bayan Yauri, wadda ta san yawan yajin kowane direba. Ranar da ya kwana uku a kan gada da lodin albasa tana tsiro a cikin buhu. Na girma Baba yana kan hanya, rabin labaran nan ban taɓa jin su ba.

Ƙafar hagu dai tana nan a kan matashi, bai taka ba. Amma yana cin abinci, yana faɗa, yana aske gemu. Muka ce da sauƙi.

Da kakar albasa ta zo, kasuwa ta buɗe, manoma suka samu kuɗi, kowa ya fito da wayarsa da ta fashe tun damina. Aiki ya yi mini yawa, rufe shago da la'asar ya zama asara. Sai dabara ta zo mini, kuma na ɗauka ta ɗan kirki ce. Na koma wurin abokina mai surutu, na ba shi tsohon had-disk na yi ciko, ya ba ni es-es-di, yana ta cewa ai ya gaya mini tun farko. Na mayar da komai a kai, na tsara yadda da an danna maɓalli gem zai buɗe da kansa ya kai Baba cikin motarsa, ba sai an danna komai ba. Kai, abin ya yi kyau! Shiru kamar ba a kunna ba, kafin ka ce bisimilla ga titi. Na ce yanzu Baba ya huta da jira, ni ma na huta.

Na goyo shi, na ajiye, na danna. Ya ɗaga hannu zai ɗora a kan akwatin ke nan, hanya ta fito. Ya bar hannun a sama.

"Mi kay yi mata?"

Na shiga bayani da alfahari, faifai da allura, da wanda ba ya motsi, da sauri. Ya ɗora hannun, ya kasa kunne, ya daɗe. Ya ce ko addu'a bai yi ba. Na ce ya yi abarsa a nutse, motar ba inda za ta. Na duba waya, mutane na jirana a shago, na ce masa in ya gama ya aika a kira ni, na fita da sauri.

Ya yi tuƙi ranar, da washegari. Rana ta uku na zo goyonsa ya ce kansa na ciwo. Ta huɗu ya ce, "Wagga mota ba ta da rai. Ba ni hawan abin da ban ji numfashinai ba." Ya juya fuska bango.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na fito tsakar gida ina ta sababi: wane irin mutum ne za a kawo masa sabon abu mai kyau ya ce shi tsohon mai ƙara yake so? Mutanen duniya na neman sauri, mu a gidanmu nawa ake nema! Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Amma da kwanaki suka wuce na ga kwanon tuwonsa na dawowa kamar yadda aka kai, sai faɗan ya bar ni, tsoron nan ya dawo sabo.

Na koma wurin abokina na ce ya ba ni tsohon faifaina. Ya ce ai ya sayar, wani mai tura wa mutane finafinai a waya daga Maiyama ya saya. Na hau babur da rana tsaka na tafi Maiyama. Na sami mutumin a wata 'yar rumfa kusa da tasha, na yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa mahaifina ne ke son ƙarar wannan faifan musamman. Ya dube ni, ya dubi na kusa da shi, na ga alamar yana tunanin ko rana ce ta taɓa ni. Da na ambaci cewa Baba ne direban da motarsa ta kwanta da albasa a bayan garinsu, sai ya miƙe tsaye. Ashe yana cikin waɗanda suka taimaka aka fito da shi. Ya kwashe finafinansa ya mayar wani wuri, ya naɗe mini faifan a leda, ya ce in gaida Baba. Da ƙyar ya yarda na biya shi abin da ya kashe. A hanyar dawowa na cusa shi cikin riga ina kauce wa ramuka, don had-disk ba ya son jijjiga.

Na mayar da shi cikin akwatin kusa da sabon, kwamfutar na tashi daga es-es-di, gem ɗin motar kuma na kan tsohon. Gurnani ya dawo, ƙas-ƙas ya dawo, nawa ta dawo. Na lallaɓi Baba na goyo shi, na danna, na ce, "To ga ƙararka nan, har Maiyama na bi ta." Ya ɗora hannu, na ga fuskarsa ta ɗan saki. Tunda gem ɗin na kai kansa hanya yanzu, na ce masa sai na dawo, na wuce shago.

Ko awa ba a yi ba aka aiko in zo in mayar da shi ɗaki. Washegari ya ƙi fitowa.

Na zauna a bakin madafa na haɗa kai da gwiwa. Inna ta sauke tukunya, ta goge hannu a zane, ta tsaya a kaina.

"Kai dai da karatunka sakare na. Kana zaton ƙarar ƙarhe shika so?"

Na ce, "Shi ya ce, Inna."

"To mi kaka so shi ce? Shi ce ɗana zamna kusa da ni? Ubanka? Ai sai dai shi mutu da ita a ciki. Da, in abin na ta ƙugi, kana zamne kana jin shi. Yanzu ka aje shi gaban allo awa tulu ka wuce. Direba da ba yaron mota, da wa za shi magana?"

Kunya ta kama ni, da wani irin tausayin Baba. Ni ina ta auna faifai da faifai, har da tafiya Maiyama, ashe abin da aka cire daga zauren ni ne.

Washegari da la'asar na ja ƙofar shago na sa kwaɗo, masu waya suna ta kira na ce gobe. Na shiga ɗakinsa, yana kwance fuska a bango. Na durƙusa na ce, "Baba, so nike ka koya mani tuƙi."

Wannan roƙo ne da ya hana ni tun ina ƙarami. Duk lokacin da na taɓa sitiyarin motarsa sai ya buge mini hannu, ya ce shi ya sha hanya don ni in sha boko. Ranar kuwa, fuska a bango, ya ce, "Kai? Ko amalanke ba ka iya turawa." Amma ya juyo, ya miƙo hannu in goya shi.

A zaure na ajiye shi a benci, ni na hau kujerar. Bencin gajere ne, yana gefe, daga nan rabin allon kawai ake gani. Na danna maɓalli. Muka jira tare, faifan na gurnani, ya sa ni na karanta addu'ar tafiya, ya gyara mini inda na ci wasali. Hanya ta fito. Aikin farko shi ne in ja motar da baya, da tirela a jikinta, in ajiye ta a cikin wani fili.

Jama'a, ban san haka abin yake ba. In na murza dama, gindin ya tafi hagu. Na daki shinge. Na gyara, na daki wata mota da ke ajiye ba ruwanta. Baba ya fara daga benci: "Sannu! A hankali! Kai, wa yac ce ka taka totur? Mayar da hannu! Ba can ba, ɗan nema!" Gumi ya karyo mini. Na sake ja, tirelar ta naɗe ta zo tana neman sumbatar kan motar. Yana ta cewa bai ganin madubin hagu, in karkato masa allon, ni kuwa hannuwana biyu na kan sitiyari, ƙafata na kan birki, na ce Baba ba hali.

Sai na ji hannu ya sauka a kafaɗata, mai nauyi, ya danne ni cikin kujera. Ɗayan hannun ya zo ta saman kaina ya kama sitiyarin.

"Haka. Kaɗan-kaɗan. Ka gani? In kana son gindi shi tai dama, nan kaka kai hannu."

Muryar daga sama take zuwa. Na saki totur. Na kalli ƙasa ta gefen kujera, na ga ƙafafunsa biyu a kan siminti, ta dama da siririyar ta hagu, tana karkarwa amma tana ƙasa. Tsakanin bencin da kujerar akwai 'yar tazara, kuma ba wanda ya goyo shi. A bakin ƙofar cikin gida Inna ce tsaye da butar alwala, ta toshe baki da gefen mayafi, ruwa na zuba a ƙafarta ba ta sani ba.

Idona ya cika, allon ya zama hazo-hazo. Na fara juyowa in dube shi, ya sa yatsa ya tura mini ƙeya gaba.

"Madubi za ka duba, ba ni ba. Taka a hankali, ina riƙe da kai."